Yadda za ku bibiyi hannu, ƙafa da fahimtar yaro mai farfaɗiya a gida

Iyaye da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya, kowa da yadda ya faɗe ta. Wata ta ce tun da aka ɗora ɗanta a kan magani ya daina faɗuwa, amma yanzu cokali na yawan suɓuce masa. Wani ya ce 'yarsa da ta kusa izu biyu ta koma aya uku ma ba ta zama mata. Wata kuma malamin aji ne ya ce mata ɗanta daƙiƙi ne, ta dawo gida tana kuka. Duk abin da suke son sani shi ne: ta yaya za mu gane ko ciwon na taɓa gaɓɓan yaro da fahimtarsa, kuma me za mu iya yi da hannunmu?

Ku fara da kwantar da hankali. Mafi yawan yara masu farfaɗiya basirarsu daidai take da ta tsaransu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in an gano shi an ba su maganin da ya dace. Sai dai matsalar natsuwa, mantuwa da nauyin hannu sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara, kuma a hankali suke shigowa. Likita na ganin yaro na 'yan mintuna ne a wata ɗaya ko wata uku, yawanci ya tambaya sau nawa ya faɗi. Ku ne kuke ganin yadda yake ɗaura igiyar wando, da yadda yake dawowa daga aike. Wannan sanin na gida ne za mu tsara har ya zama abin da likita zai yi aiki da shi.

Kayan aikin da kuke bukata: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, fensir da farar takarda, waya mai kyamara da agogo, kwalayen ashana shida, ƙwallo, alli ko gawayi, kwalba marar komai da tafin wake.

1. A tabbatar da ciwon kafin komai

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro tsakanin wata 6 zuwa shekara 5 na iya yin jijjiga saboda zafin zazzaɓi kawai, kuma akasari suna wuce wannan da girma. Likitoci kan ce farfaɗiya ce idan yaro ya yi faɗuwa biyu ko fiye, da tazarar sama da awa 24 a tsakani, ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba. Kuma ba iri ɗaya ba ce: akwai mai kayarwa da sandarewa, akwai mai fizgar hannu ko gefen baki kaɗai, akwai wadda yaro zai ƙura ido na daƙiƙa goma ya dawo kamar ba a yi ba. Kowacce da maganinta.

Ku nemi a tura ku wurin likitan yara, in da hali mai kula da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Manyan asibitocin koyarwa ne wurin samunsu: na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri su ma suna duba masu farfaɗiya, kuma zuwa can ba ya nufin yaro na da taɓin hankali. A Nijar, likitar gari za ta ba ku takardar zuwa babban asibitin Yamai, Damagaram ko Maraɗi.

Mai yiwuwa a rubuta muku gwajin EEG. Ƙananan wayoyi ake mannawa a fatar kai a naɗi motsin ƙwaƙwalwa, ba zafi, ba allura, ba a sa wa yaro wuta. A tsefe kitso, a wanke kai a daren ranar, kada a shafa mai.

A kula: gwajin na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Kada ku ajiye magani don takarda ta ce ba a ga komai ba. Haka kuma kada ku sayi maganin da ɗan maƙwabta ke sha. Carbamazepine, alal misali, na iya ƙara tsananta irin mai ƙura idon nan.

2. A buɗe littafi

Ku raba littafin gida uku: na faɗuwa, na magani, na abin da yaro ke iya yi. A ɓangaren faɗuwa a rubuta rana, lokaci, tsawon mintuna, abin da ya fara motsi, da yadda ya kasance bayan ya farfaɗo. Ga irin rubutun da ke da amfani: "Laraba, bayan Asuba. Bakinsa ya fara karkacewa ta dama, sannan duk jiki. Minti biyu. Ya yi barci har hantsi. Jiya bai kwanta ba sai sha ɗaya, an yi biki." Layi ɗaya irin wannan ya fi "ta tashi sau da yawa" nesa ba kusa ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya naɗi murya a waya.

In akwai mutum biyu a wurin, ɗaya ya kula da yaron, ɗayan ya ɗauki bidiyo, ya nuna fuska da hannuwa da ƙafafu. Likita ba ya samun ganin faɗuwar da idonsa, bidiyon nan kan warware masa abin da dogon bayani bai warware ba.

A kula: in kai kaɗai ne, ajiye wayar. Ka kwantar da shi ta gefe, ka janye duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka dubi agogo. Ba a cusa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a matsa albasa a ido, ba a turara hayaƙi, ba a danne shi. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, a tafi asibiti nan take.

3. A auna inda yaro yake yau

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure, domin iyaye kan kwatanta yaro da yayansa ko ɗan kishiya. Da kansa za ku kwatanta shi: abin da yake iyawa yau, da abin da zai iya bayan wata uku. Ku zaɓi safiyar da ya yi barci sosai, ya karya, kuma an yi aƙalla kwana biyu rabonsa da babbar faɗuwa. Ku mai da abin wasa. Da ya ji ƙamshin jarrabawa zai noƙe, sai ya zama tsoro kuka auna maimakon iyawa.

Ƙafa da jiki. Jariri ya kamata ya zauna ba jingina kafin ya wuce wata 9, ya yi tafiya kafin wata 18. Ɗan shekara 2 na gudu yana shurin ƙwallo. Ɗan shekara 3 na iya tsayawa da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, ɗan 4 ya yi tsalle da ita. Ga ɗan 5 zuwa sama, ku ja layi da gawayi a tsakar gida, tsawon taku goma na babba, ya bi ta kai dunduniya na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Ku ƙirga sau nawa ya sauka daga layin. Sannan ya tsaya da ƙafar dama, ku duba daƙiƙa nawa ya yi, ya sauya ta hagu. Ku ɗauki bidiyon tafiyarsa daga gaba da baya, ba takalmi.

Hannu. Kafin ya shekara, jariri kan tsinci ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya. Ɗan shekara 2 na ɗora kwalayen ashana kamar shida ba su zube ba. Ku zana siffa ku ce ya kwaikwaya: ɗan 3 da'ira, ɗan 4 alamar tarawa, ɗan 5 murabba'i, ɗan 6 alwatika. A rubuta kwanan wata a bayan takardar a adana ta. Ga wanda ya haura shekara 4, ku ƙirga wake 20, ya jefa su ɗaya bayan ɗaya cikin kwalba da hannun dama kuna duba agogo, sannan da hagu. Ku zuba wa yatsun ido sosai. Wani yaron zai ɗauki ƙwayar waken lafiya lau, amma da ya kusa bakin kwalbar sai hannun ya fara karkarwa, waken ya bugi gefe ya faɗi. Wani kuma hannun ba ya rawa, nauyi kawai yake yi, harshe a waje, ɗayan hannun a dunƙule yana taya shi motsi. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, a rubuta wanda aka gani.

Fahimta. Babu ma'aunin da ya kai aike, kuma kullum kuna yinsa. Ɗan shekara 2 na bin umarni ɗaya, yana haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ko "Baba tafi". Ɗan 3 na bin biyu a jere. Ɗan 5 ya kamata ya riƙe uku: "Ɗauko min ludayi a madafi, ka rufe ƙofar, ka kira Yaya." A faɗa sau ɗaya, ba nuni da hannu. In ya dawo da ludayi ya tsaya yana kallonku, a rubuta ɗaya cikin uku. Da dare a yi masa gajeriyar tatsuniyar da bai taɓa ji ba, ya maimaita nan take, washegari kuma a sake tambayarsa. Wanda ya kasa maimaitawa nan take, yawanci natsuwa ce ba ta samu ba, maganar ba ta shiga ba tun farko. Wanda ya maimaita da dare amma da safe babu ko ɗaya, riƙewar ce matsala. Ga mai zuwa Islamiyya, a rubuta inda haddarsa ta tsaya da aya nawa yake ɗauka a rana.

A kula: shekarun nan kimantawa ce, jinkirin wata ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Wake da murafan kwalba kuwa ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, suna iya shaƙe su.

Abubuwa huɗu ne ba a jira wata uku a kansu. Yaron da ya iya abu sannan ya daina, kamar tafiya, magana ko gane mutane. Jaririn da bai shekara ba amma hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan kullum a dunƙule. Yaron da yake magana lafiya, sai ya koma kamar ba ya gane abin da ake faɗa masa, har a ɗauka kurumta ce. Sai na huɗu, wanda na fi so kowace uwa ta sani: jariri, galibi tsakanin wata 3 zuwa 12, da ke yin wata zabura yana dunƙulewa, kai ya sunkuyo, hannuwa su watsu, sau da yawa a jere, musamman in ya tashi daga barci. Ana yawan ɗaukarsa ciwon ciki ko firgita. Wata farfaɗiya ce ta jarirai mai saurin dakushe ƙwaƙwalwa, kuma kowane mako na jinkiri asara ne. A ɗauki bidiyo a kai shi ga likitan yara a makon.

4. A nemo daga ina matsalar take

In awon ya nuna rauni, ana duba wurare uku. Na farko abin da ya haddasa farfaɗiyar tun asali. A ƙasarmu sau da yawa doguwar naƙuda ce da jariri bai yi kuka da wuri ba, ko shawara mai tsanani a makon farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai. Tabon da suka bari shi ke kawo faɗuwar, shi ke kawo raunin hannu ko jinkirin magana. Irin wannan rauni tun farko yake nan, ba ya hawa ba ya sauka da sauyin magani. Na biyu faɗuwar kanta, har da ƙananan da ba a lura da su da masu zuwa cikin barci. Alamarsa ita ce yaro na da ranakun kaifi da ranakun dushewa, kuma littafi zai nuna dushewar na bin bayan faɗuwa. Na uku magani, wanda alamarsa ita ce canjin ya fara ne cikin makonnin da aka soma sabon magani ko aka ƙara yawansa.

Ga abin da aka sani game da magungunan da aka fi bayarwa, da sunayensu yadda suke a jikin kwali. Phenobarbitone, wanda a Nijar aka fi sani da Gardénal, shi ne mafi araha, yana aiki, amma yana sa wasu yara barci da nauyin fahimta, wasu kuma ya mai da su marasa zama wuri ɗaya, masu saurin fushi. Carbamazepine, ko Tegretol, in ya yi yawa yana kawo jiri, tangaɗi da gani bibbiyu. Sodium valproate, wato Epilim ko Dépakine, na iya kawo rawar hannu, ƙiba da zubar gashi. Phenytoin na kumbura dasashi, yana sa tangaɗi. Levetiracetam, ko Keppra, bai cika taɓa fahimta ba, amma yana sa wasu yara ƙunci da faɗa.

A kula, kuma wannan shi ne gargaɗi mafi girma a duk rubutun nan: ko kun tabbata magani ne ke dakushe yaro, kada ku tsayar da shi ko ku rage da kanku. Yanke shi farat ɗaya na iya tayar da faɗuwar da ba ta tsayawa, mai iya kisa. Likita ne zai rage a hankali ko ya sauya. Ƙuraje a jiki da gyambon baki ko jan ido a makonnin farko na sabon magani, ko ido ya yi ɗorawa da amai da kasala ga mai shan valproate, waɗannan na zuwa asibiti ne a ranar.

Kafin a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi kuma, a duba ido da kunne da jini. Yaron da ba ya ganin allo, ko kunnensa ya taɓu bayan sanƙarau, ko yake fama da ƙarancin jini, zai yi kama da marar fahimta alhali gilashi ko maganin ƙarin jini yake bukata.

5. A kai wa likita

Ku tafi da littafi, takardun zane, bidiyo, da kwalayen duk abin da yake sha, har na gargajiya. Layi na da tsawo, lokaci kaɗan ne, don haka ku shirya maganarku tun daga gida: "Likita, faɗuwa ta ragu daga huɗu a wata zuwa ɗaya. Amma tun da aka ƙara ƙwayar dare, waken da yake zubawa a daƙiƙa 40 yanzu sai ya yi 70, kuma yana barci a aji." Likitan da ya ji haka ya san inda zai taɓa. A auna nauyin yaro kowane zuwa, domin da kilo ake lissafin maganin yara, wanda ya ishe shi bara zai iya yi masa kaɗan bana. Ku roƙi a tura ku sashen gashi, wanda ake kira fisiyo, in matsalar ta tafiya ce ko sandarewar gaɓa, da masu koyar da aikin hannu ko magana inda akwai su. Mai 'ya mace da ke shan valproate ta tayar da maganar tun yarinyar na gab da balaga, kafin a soma zancen aure, domin maganin na da haɗari ga ɗan tayi.

6. Atisayen gida

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. A zaɓi abu ɗaya na ƙafa, ɗaya na hannu, ɗaya na tunani, a fara daga inda yaro ke iyawa, a ƙara wuya kaɗan-kaɗan.

Wasanninmu sun wadatar. Langa da 'yar gala-gala na gina daidaiton tsayuwa, wanda bai kai nan ba ya fara da tsayawa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. Tsallen igiya, gare da cafe ƙwallo na haɗa ido da gaɓa, a fara da babbar ƙwallo daga kusa. Carafke kuwa da wuya a sami abin da ya fi ta horar da yatsu, kuma ba laifi namiji ya yi. Aikin gida ma atisaye ne: ɓarar gyaɗa, tsinke zogale, tsintar tsakuwa a shinkafa, ninke kaya, sa maɓalli, zira carbi da ya tsinke. In fensir na zame masa, a naɗa masa tsumma ko roba ya yi kauri. Rubutu da yatsa a kan rairayi kafin a koma takarda na sauƙaƙa wa mai rawar hannu.

Ta fannin tunani, a gajarta umarni, a kira sunansa ya kalle ku tukuna, sannan ya maimaita abin da aka ce kafin ya tafi. Hadda a yanka ta ƙanana, aya ɗaya ko biyu, a maimaita bayan Magariba da bayan Asuba, a riƙa komawa baya fiye da yadda ake ƙara sabo. Dara, kacici-kacici da ƙirgen canji in an aike shi kanti duk suna aiki.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne na tausayi. Uwa ta ga hannun ɗanta na rawa sai ta karɓe kofin, ta sa masa riga, ta ba shi abinci a baki, ta hana shi fita ƙwallo. Bayan shekara biyu hannun ya ƙara mutuwa, a ce ciwo ne, alhali rashin aiki ne. Ku bar shi ya zubar, a goge. Motsa jiki ba ya cikin abubuwan da suka saba tayar da farfaɗiya, yaron da ke wasa ma ya fi samun barci mai kyau.

A kula: ranar da ya faɗi, hutu ne. Wani lokaci hannu ko ƙafa ɗaya kan saki bayan faɗuwa ya dawo cikin awanni, da wuya ya wuce kwana biyu. Karon farko da kuka ga haka ku kai shi a duba, kuma kada a ja ko a murza gaɓar da ƙarfi.

7. Makarantar boko da Islamiyya

Kada a cire shi, kada kuma a ɓoye wa malamai. Uba ko uwa su je da kansu: "Allah gafarta Malam, yaron nan yana da farfaɗiya, yana shan magani. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa ko ta cin abinci kwano ɗaya. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a kira wannan lambar." Ku roƙi a zaunar da shi gaba, a ba shi ƙarin lokaci a rubutu, a maimaita masa abin da ya wuce shi. Ku bayyana wa malam irin mai ƙura ido, wadda ta fi kama yara tsakanin shekara 4 zuwa 10 kuma tana iya zuwa sau da dama a yini. Mai tunanin banza in an kira shi ko an taɓa kafaɗarsa zai juyo. Mai wannan ciwon ba zai juyo ba sai ta sake shi, kuma bai san an yi ba. Yara da yawa sun sha bulala a kan abin da ba su ji ba sam.

Ra'ayina a fili yake a kan abu biyu. Yaron da ke shan maganin farfaɗiya kada a tura shi almajiranci wani gari, inda ba mai ba shi ƙwaya a kan lokaci, ya yi karatun allonsa a unguwa ya kwana a gida. Yarinya kuma kada a ɗora mata tallar bakin titi ko a zaunar da ita gaban kaskon suya.

8. A toshe hanyoyin da ke tayar da ita

Tsallake magani shi ne na ɗaya. Mai sha sau biyu a rana, a ɗaura shi da sallar Asuba da Magariba, tazararsu ta yi kusa da awa 12. Mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin bayarwa, ya yi alama a littafi, don kada a ba shi sau biyu ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ya bayar. In an manta, kada a ninka na gaba. Na ruwa da sirinji ake aunawa, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ƙwayar da aka rubuta Chrono ko CR a kwalinta ba a daka ta.

Sai barci: 'yan shekara 3 zuwa 5 na bukatar awa 10 zuwa 13, 'yan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Daren biki, kallon waya da tashe duk suna cinye shi. Wanda ya balaga yana son yin azumi, a ga likita tun kafin watan ya kama don a tsara lokutan shan magani. Sai zazzaɓi: gidan sauro kullum, a karɓi maganin rigakafin da ake rabawa 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida da damina, in jiki ya yi zafi a gwada jini a ranar.

A rufe bakin rijiya da randa da duro, a kewaye murhu. Ba shiga kududdufi ko rafi, ba hawa bishiya ko katanga, ba keke a titi. Ya yi wanka da bokiti da kofi, ba a sa sakata. Addu'a da ruƙiya kuwa ba mai hana ku, amma duk wanda ya ce sai an ajiye ƙwayar asibiti kafin nasa ya yi aiki, ku riƙe ƙwayarku.

9. Lissafin kuɗi da sake awo

Awon gida kusan kyauta ne. Kuɗin na tafiya ne a magani, domin na shekaru ne, sai kuɗin mota zuwa asibiti. EEG ba kullum ake yi ba, hoton ƙwaƙwalwa na MRI kuma, wanda ya fi tsada, ba kowane yaro ke bukatarsa ba, ku tambayi likita ko sakamakon zai canza maganin kafin ku sayar da akuya. Phenobarbitone ne mafi sauƙin kuɗi, valproate da levetiracetam sun fi shi tsada sosai, na ruwa kuma yakan fi ƙwaya. Ku faɗa wa likita gaskiyar aljihunku tun farko. Maganin da za ku iya saya kowane wata ya fi mai tsadar da za a sha mako biyu a tsaya. A saya a kantin asibiti ko babban kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a tsaya a kan kamfani ɗaya in zai yiwu, a sayi sabo tun saura na mako guda. Ku bincika inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiharku, irin KSCHMA a Kano, ku kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. A sashen gashi, ku ce a koya muku atisayen ku riƙa yi a gida, zuwan ya koma na dubawa lokaci-lokaci.

Bayan wata uku a maimaita awon mataki na 3, da kwalba ɗaya, layi ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, a jera sabon zane kusa da tsoho. Haka kuma a maimaita wata guda bayan duk wani sauyin magani. In ya ci gaba, a ƙara wuyar atisayen. In yana nan inda yake awo biyu a jere, a faɗa wa likita a zuwa na gaba. In ya koma baya, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Yaron da ya yi kamar shekara biyu bai faɗi ba, likita kan duba yiwuwar janye magani sannu a hankali cikin watanni, kuma littafin nan ne zai fara tambaya. A ci gaba da awon a duk tsawon janyewar da wata shida bayanta.